Kifin da Oddvar Ya Bari a Tanki

Shekara goma sha tara na yi ina aiki a gidan tsofaffi na tsibirinmu, kuma a duk tsawon wannan lokaci mutum ɗaya ne ya taɓa kirana maƙaryaciya a bainar jama'a. Oddvar Nesheim ne, kuma a kan kifi.

A falon gidan akwai tankin gilashi mai tsawon gado, wanda famfo ke turo wa ruwa kai tsaye daga teku, don gidan a bakin gaɓa yake. Oddvar ne ya matsa aka kafa shi tun shekarar da ya shigo. Ya yi shekara sittin yana su, sai ƙafafu suka ƙi shi, 'yarsa da ke aure a birnin Bergen ta ce hankalinta ba zai kwanta ba muddin yana zaune shi kaɗai. Ya yarda ya dawo wurinmu bisa sharaɗin zai riƙa ganin kifi mai rai kullum, ba wanda aka dafa kawai ba.

Kifayen tankin duk 'yan gida ɗaya ne, irin masu kaurin leɓen nan da ke zama cikin duwatsu da ciyawar teku, masu haƙora a maƙogwaro da suke murƙushe ƙaguwa da dodon koɗi da su. Biyu daga ciki ne kowa ke tsayawa kallo. Ɗaya blåstål ne, wato shuɗin-ƙarfe, kansa shuɗi, ratsin shuɗi ya bi gefen jikinsa, cikinsa ruwan lemo. Ɗayar kuma rødnebb ce, mai-jan-baki, ja mai haske, da ɗigo uku baƙaƙe a gadon bayanta kusa da wutsiya. Ita wannan Oddvar ne ya kama ta da fatsarsa a ranar ƙarshe da ya fita teku, tun lokacin ma ba ƙarama ba ce, ta kuma ƙara shekara huɗu a tankin. Tsofaffin mata na kiranta Gimbiya. Shi bai yarda a sa wa kifi suna ba, "kifina" kawai yake cewa. Kullum ƙarfe goma na safe zai turo keken dogarawarsa zuwa bakin tankin, ya ɓare jatan lande, ya tsoma yatsu, ta taso ta karɓa.

Kowace Alhamis, ranar da ake dafa dunƙulen dankali da naman rago mai gishiri, ƙanensa Eilif na zuwa da bokitin ƙananan ƙaguwa don kifayen, ya zauna su ci tare. Shekara goma sha uku ce tsakaninsu. Eilif har lokacin yana fita da jirginsa, yana kafa tarkuna yana kama masu-leɓe da rai, ya kai gonakin kifin samon, inda ake zuba su cikin keji su riƙa cinye kwarkwatar da ke jikin samon. Oddvar bai taɓa ɗaukar wannan sana'a da daraja ba.

"Ga sarkin kwarkwata nan ya iso," in ji shi duk ranar da ya hango Eilif a ƙofa.

"Na gode. Matsa min kujera, ka cinye wurin kamar jirgin fito."

Akwai kuma Borghild Tveit cikin mazauna gidan, wadda ta koyar da kimiyya a makarantar tsibirin shekara talatin da takwas. Ni ma ta koyar da ni, ta koyar da mijina. Da Oddvar kuwa aji ɗaya suka yi suna yara, kuma tun daga lokacin ba su daina musu ba. Ta sha gaya masa cewa mai-jan-baki da shuɗin-ƙarfe kifi ɗaya ne, ja macen, shuɗi namijin, kuma macen kan juya ta zama namiji idan ta girma. Ba ita kaɗai ta gaya masa ba, ya ji a rediyo, ya gani a jarida. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Borghild, ke a takarda kika ga kifi. Ni a hannuna na gan shi. Ranar da tunkiya ta kwana ta tashi rago, ki zo ki tashe ni."

A watan Agusta na wata shekara Oddvar ya faɗi a banɗaki, ƙugunsa ya karye. Aka tsallaka da shi asibitin birni. Ba a fi mako biyu da tafiyarsa ba na shigo da safe na tarar da shuɗin-ƙarfen kwance a ƙasan tanki, ya mutu. Tsufa ne, in ji Eilif, don ya daɗe yana ƙin abinci. Na buga wa 'yar Oddvar waya in gaya mata, sai ta ce ciwon huhu ya kama mahaifinta bayan aikin, don Allah kada a kai masa labarin da zai tayar masa da hankali. Ban kai masa ba, na karɓi aikin ciyar da kifayen.

Wajen watan Nuwamba na lura ɗigon ukun nan na bayan Gimbiya sun fara dusashewa. Na ɗauka ciwo ne. Na turo keken Borghild zuwa gaban gilashin, ta saka tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Duba fuskarta," ta ce. "Kin ga wancan siririn zanen shuɗi daga ido zuwa baki? Shekara talatin da takwas ina gaya wa yara wannan, ban taɓa gani da idona ba. Halldis, ɗauko wayarki. Kowace Lahadi ki ɗauki hoto."

Na riƙa ɗauka. Kafin Kirsimeti kanta ya yi duhu. A Fabrairu ɗigon sun ɓace gaba ɗaya, ratsin shuɗi ya miƙe har tsakiyar jiki. Halinta ma ya canza, ta kama kogon da mamacin ke kwana ta mai da nata, duk kifin da ya matso sai ta kore shi. Oddvar kuwa bayan an sallame shi 'yarsa ta riƙe shi a gidanta ya ƙarasa hunturu. Sau biyu na ce wa Eilif ya kamata a gaya masa.

"A waya?" in ji Eilif. "Cewa zai yi mun sha giya. Bari ya zo, gani ya kori ji."

Ya dawo ranar wata Alhamis a ƙarshen Afrilu, ya rame, amma muryarsa na nan. An gasa masa waina, an dafa kofi, kowa na falo. Bai ko cire rigar sanyi ba ya nufi tankin. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sunkuya ya leƙa cikin kogo. Babban kifi shuɗi ya fito ya tsaya a gabansa.

"Ina kifina?"

"Ga shi nan yana kallonka," in ji Borghild.

"Ba da ke nake ba. Halldis, ina kifina?"

Na yi masa bayani tun daga farko: yadda tsohon shuɗin ya mutu, yadda 'yarsa ta hana a faɗa masa, yadda ɗigon suka gushe. Yana saurare yana kaɗa kai kamar mai jin tatsuniya. Na ciro waya zan nuna masa hotunan, ya ture hannuna.

"Jikana ya taɓa nuna min hotona ina kan raƙumi, a irin wannan wayar. Ni kuwa ban taɓa ganin raƙumi ba."

"Oddvar, kowa a falon nan ya gani."

"Kowa a falon nan rabinsu ba sa gane 'ya'yansu." Ya juya wurin ƙanensa. "Kai ne ko? Ta mutu a hannunsu, suka kira ka ka kawo wani ka zuba. Ko kuwa ɗauke ta ka yi ka kai wa masu kwarkwata?"

Eilif ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. "Haba dai. Irin wannan ko kyauta ka kai musu ba sa so, ba ya cin kwarkwata. Ka tsoma hannu ka gani in ba zai zo ba."

"Kowane kifi mai yunwa zai zo." Ya nuna ni da yatsa. "Ke kuma na ɗauka mutuniyar kirki ce. Da kin ce min ta mutu, da na ce to, kifi ne. Amma ki dubi tsabar idona ki yi min ƙarya, don kin ga na tsufa. Maƙaryaciya."

A aikinmu an sha zagina, amma daga mutanen da hankalinsu ya gushe. Shi kuwa da hankalinsa garau ya faɗa. Na ɗauki butar kofi na koma kicin, na tsaya a gaban tukunya ina juya abin da ba ya bukatar juyi. Daga can na jiyo Eilif yana cewa, "Ka janye wannan maganar." Oddvar ya ce ba zai janye ba, kuma kada ya ƙara ganin ƙafarsa a gidan. Eilif ya ajiye bokitin ƙaguwa a bakin ƙofa ya fita, dunƙulen dankalinsa na kan tebur bai taɓa ba.

Daga ranar Eilif ya daina shigowa. Kowace Alhamis zai aje bokitin a ƙofar kicin, ya tambaye ni ko tsohon na cin abinci, ya tafi. Oddvar ya sa aka mayar da kujerarsa ɗaya gefen falo, ta ba tankin baya. Ni ce dai mai yi masa wanka da sa masa safa, kuma muna yi ba tare da wata magana ba sai "ɗaga hannu" da "ruwan ya yi zafi".

A watan Mayu shuɗin ya fara share wani wuri a ƙasan tankin, yana kwashe tsakuwa da baki. Wata safiya kuma goshinsa ya yi fari fat na ɗan lokaci, kamar yadda mazansu ke yi idan suna neman mace. Borghild ta ƙwala wa Oddvar kira ya zo ya gani.

"Na san shuɗin-ƙarfe na yin haka," ya ce, bai juyo ba. "Shi ya sa na ce shuɗin-ƙarfe ne."

Shi da kansa ya kawo shawarar gwaji, a farkon Yuni. Ya ce a kafa masa ƙaramin tanki a ɗakinsa, a zuba masu-jan-baki biyu, babu shuɗi ko ɗaya, a sa murfi da kwaɗo, makulli a wuyansa. In ɗaya ta juya a gabansa, zai tsaya a falo ya ba kowa haƙuri. In ba ta juya ba, Borghild ce za ta tsaya. Shugabar gidan ta yarda, don ta gaji da zaman doya da manja. Ya ce kuma kada kifin ya fito daga hannun Eilif. Saboda haka ranar hutuna na ɗauki ƙaramin jirginmu na je bayan tsaunin fitila, mai hasumiyar haska wa jirage hanya, inda ruwan bai yi zurfi sosai ba, na kamo biyu da fatsa, ina jan su a hankali don kada iska ta kumbura musu ciki. Kowace tsawon tafin hannuna. Na kai masa a bokiti, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga ɗigon bayansu, ya rufe kwaɗo.

Borghild ta leƙa ta ce, "Waɗannan ai yara ne. Sai sun kai shekara bakwai ko fiye suke juyawa, kuma ba duka ba."

"An fara," in ji Oddvar. "Tun ba a hau tudu ba malama ta fara haki."

Ya kula da kifayen nan fiye da yadda yake kula da kansa. Yana rubuta zafin ruwa a bayan ambulan, yana auna musu abinci. Kaka ta wuce, hunturu ya shigo, suka lafe cikin duwatsu suka rage ci kamar yadda suke yi idan ruwa ya yi sanyi. Kowace safiya idan na shigo buɗe labule sai ya nuna tankin da haɓa.

"Wane launi kika gani yau?"

"Ja."

"Ja. Rubuta a wayarki."

Har Maris suna nan jajaye, da ɗigonsu uku-uku. Oddvar ya warware, ya dawo teburin cin abinci na tsakiya, yana ba kowa labarin yadda ya kayar da kimiyya da kwaɗo ɗaya. Ya ce Borghild ta shirya jawabinta. Ta ce ba za ta yi ba, don tun farko ta faɗi sharaɗi. Ni kuwa na fara tunanin haka za mu ƙare, shi ya mutu yana ganin na yi masa ƙarya, ni in rayu da sanin haka.

Wata rana ana cin miyar kifi, yana ta cika baki. Yana ba wani sabon tsoho da aka kawo labarin zamanin da babu mai kallon masu-leɓe da daraja, sai dai a yanka su a sa a tarkon ƙaguwa.

"Dubbai na fede," ya ce. "Dubbai. Ko a rufe min ido, in na sa wuƙa na san wanda na yanka. Mai-jan-baki a watan Yuni cikinta fal da ƙwai, har ya zubo maka a hannu."

Borghild tana shafa man shanu a biredi, ba ta ko ɗago ba. "Ƙwan shuɗin-ƙarfe fa, wane launi ne?"

Oddvar ya ajiye cokalinsa.

"Tambaya ce kawai," ta ce. "Ni a takarda na san kifi. Kai da ka fede dubbai, gaya min launin ƙwansa. Kuma mafi ƙanƙantar shuɗin-ƙarfe da ka taɓa kamawa, ya kai yaya? Ya kai yatsa?"

"Ƙananan a can ƙasa suke zama."

"Ƙananan masu-jan-baki fa?"

"Su ko'ina akwai su."

"To."

Ta ci gaba da cin biredinta. Oddvar ya ɗan juya cokali a cikin miya, sannan ya ce a mai da shi ɗaki, ƙugunsa na ciwo.

Washegari ya ce in kawo masa tsohon littafinsa na lambobin waya, mai baƙin bango, in kuma danna masa lambobin don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Kwana uku muka yi muna kiran tsofaffin masunta na tsibiran da ke kewaye. Goma sha ɗaya muka nema. Huɗu sun mutu, matansu ko 'ya'yansu ne suka ɗauka, ya yi musu ta'aziyyar da ta makara. Ɗaya bai gane shi ba. Sauran ya yi musu tambaya iri ɗaya, bayan an gama gaisuwa da zancen iska da na ƙafafu.

"Saurara. Ka taɓa fede shuɗin-ƙarfe ka ga ƙwai?"

Ina jiyo amsoshin ta cikin wayar. Sai a ce a'a, ko a ce kai, ban taɓa lura ba. Ƙarami fa, kamar yatsa? A'a. Mutum ɗaya ne ya ce ya gani, har sau da yawa.

"Wannan," in ji Oddvar bayan ya ajiye wayar, "shi ne ya ce ya taɓa ganin ƙaton kifin nan whale ya yi atishawa ya kife jirgi. Kada ki ƙirga shi."

A rana ta uku da yamma, bayan kira na ƙarshe, ya zauna yana kallon ƙaramin tankinsa. Ina naɗe tawul.

"Hotunan nan suna nan?"

"Suna nan."

Na zauna a bakin gadonsa na buɗe masa daga na farko. Hoto ashirin da uku ne. Bai yarda in yi sauri ba. A na wajen Janairu ya sa na ƙara girman hoton, inda kifin yake rabi da rabi, kai ya yi shuɗi, ɗigo ɗaya na ƙarshe bai gama gushewa ba.

"Na taɓa kama irin wannan," ya ce a hankali. "Sau biyu ko uku, da daɗewa. Na ɗauka ciwo ne, na jefar."

Muka kai ƙarshe. Ya cire igiyar makullin daga wuyansa ya aje a kan tebur.

"Da kin matsa min tun farko na duba."

"Na matsa. Ka ce raƙumi."

Ya yi wani ɗan sauti a hanci. "Na ce." Ya daɗe yana murza gwiwarsa. "A gaban mutane na faɗa miki wannan kalmar. A gaban mutane zan janye."

Haka kuwa ya yi. Washegari da safe, ana shan kofi, ya buga cokali a jikin kofinsa, ya dafa keken dogarawa ya miƙe, abin da ke ɗaukarsa kusan minti guda. Ya ce Halldis ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya yi kuskure, kuma ya yi kuskuren faɗa mata abin da ya faɗa. Ya koma ya zauna. Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta tafa, ta tambayi ko ranar haihuwar wa ake yi.

"Ni fa?" in ji Borghild.

"Ke ba zan ba ki haƙuri ba. Shekara saba'in kina da wannan tambayar a aljihu, ba ki taɓa yi min ba."

"Ranar nan ta zo min," ta ce. "Kuma in zai sanyaya maka rai, ba kai kaɗai ba ne. Masanan da suka fara rubuta sunayen kifaye su ma biyu suka ɗauke su, kowane da sunansa na Latin. An daɗe kafin a haɗe su a suna ɗaya, Labrus mixtus. Har ila yau akwai waɗanda ake haifa maza amma suna yawo da jar riga kamar mata..."

"Ya isa. Ɗaya-ɗaya ake haɗiyar magani."

Na Eilif ya fi wuya. Oddvar ya ƙi kiransa a waya, wai irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ranar Alhamis ya sa na kai shi kicin tun ƙarfe sha ɗaya, na zaunar da shi a kujera kusa da ƙofar baya, mai dafa abinci na ta mita ya tare mata hanya. Da Eilif ya turo ƙofa da bokitinsa, sai ga yayansa a gabansa. Kusan wata goma sha ɗaya ke nan ba su haɗa ido ba.

Suka kalli juna. Eilif ya fara furfura a gemu, ko kuwa ni ce ban lura ba sai ranar.

"Ƙaguwoyin nan sun yi ƙanana," in ji Oddvar.

"Teku ce ta ba da su haka."

"Kifin nan na tanki shi ne nawa."

"Na sani."

"Na ce ka sace. Ba ka sata ba."

"Wannan ma na sani." Eilif ya aje bokitin. "Ka gama? Don hannuna ya yi sanyi."

"Na gama. An sa maka faranti."

Na san Eilif ya ji ciwo fiye da yadda ya nuna, don matarsa ta gaya min ya daina zancen yayansa ko a gida. Amma ya cire hula, ya goge takalmi, ya kama keken Oddvar ya taya shi miƙewa. A tebur ya ci dunƙule huɗu, bai yi magana sosai ba. Mako na biyu ya fi sakewa. Sai a na uku aka koma zagin juna.

Ƙananan jajayen biyu, Eilif ya mai da su bayan tsaunin fitila da ruwa ya fara ɗumi, aka kwashe tankin ɗaki. Oddvar ya koma ciyar da babban da kansa. Kwanakin farko kifin ya ƙi tasowa, ya saba da hannuna. Sai da aka yi kusan mako kafin ya karɓa daga yatsunsa.

A watan Yuli Eilif ya kawo babbar berggylte, wadda ta fi duk masu-leɓen ruwanmu girma, don ta maye gurbin wata da ta mutu. Wannan mai ɗigo-ɗigon fari ce a duk jiki, alhali wadda ke cikin tankin tun da launinta ɗaya ne, kore mai duhu, babu ɗigo. Oddvar ya dube su gefe da gefe.

"Waɗannan dai ba kifi ɗaya ba ne," ya ce. "Mai ɗigon ta fi girma, kuma ba wuri ɗaya nake samunsu ba. Borghild, kada ki ce min wannan ma miji da mata ne."

Eilif ya rufe fuska da hannu. "Don Allah kada a sake. Ni ba zan ƙara komawa cin abincin Alhamis a gida ba."

Borghild ta sa na ɗauko mata littafinta da gilashin ƙara girman rubutu. Ta karanta, ta juya shafi, ta sake dawowa baya.

"Suna ɗaya aka ba su," ta ce. "Amma an rubuta cewa girmansu ya bambanta, kuma masana ba su gama shawara ba ko iri ɗaya ne ko biyu."

"Sake faɗa."

"Ba su gama shawara ba."

"Wato ba su sani ba."

"Wato suna bincike."

"Halldis," in ji Oddvar, "samo min takarda babba da fensir. Zan zana musu inda kowace ke zama, daga tsaunin fitila har bakin mashiga. Eilif, matso, kai ka san wuraren da na manta."

Na kawo musu bayan tsohuwar kalanda. Suka duƙufa a kai har kofi ya huce, suna gardama a kan wani dutse da ke ƙarƙashin ruwa, ko yana gabas da tsibirin awaki ko yamma.